Kashin Shanu a Zaure

Shekarar da motocin sojoji suka fara wucewa ta garinmu zuwa dajin Doguwa, maigidana da yayana suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Maigidan ɗan jam'iyya mai mulki ne, ya ce an fatattaki 'yan ta'adda, yanzu daji lafiya lau. Yayana kuwa ya ce shi bai ga wanda aka kama ba, abin da ya gani kawai zaɓe ne ya matso. Har cewa yake wa ya sani ko ana tsegunta wa mutanen dajin kafin a shiga.

Ni ban yarda da ko ɗayansu ba, don ni ke shara. Tun makon da maigidan ya fara yabon sojoji, shanun nomansa suka bar turkensu na bayan gida, suka koma kwana a zaure. Kullum da safe ni ke kwashe kashinsu kafin ya shimfiɗa tabarma yana yi wa mutane albishir ɗin zaman lafiya. Shi ma yayan nawa mai cewa aikin banza ne, ba ya hawa babur zuwa kasuwar Tudun Wada sai ya tabbatar sojojin suna kan hanya.

Wata safiya na gaji, na ce, "Malam, tunda daji lafiya lau, yau a mai da shanun nan turkensu."

Ya daɗe yana kallon tsintsiyar hannuna, sannan ya ce a bari sai bayan zaɓe.