Azara da Hatimin Guduma

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da direbana, da motar kaya wayam. Wani Alhaji da muka shekara ashirin muna ciniki ne ya ba ni odar azarar giginya ta rufin makaranta, da sharaɗi ɗaya: kowace ta zo da takardar malamin daji. In ta zo babu, shi ke nan tsakaninmu.

Hanyar Rabah ta gyara mana zama, ramukanta sun narkar da kokon da muka sha tun ba mu yi nisa ba. A can wani dillali ya nuna mini tulin azara, baƙa wuluk, mai nauyi, da arahar da ta sa na ƙara dubawa. Ya miƙo takarda: izinin sare giginya biyu. Na dubi tulin. Giginya biyu ba ta haifar wannan ko da tagwaye take yi.

"Kai ni in ga kututturen," na ce.

"Alhaji, mi za ka yi da kututture? Shi za ka aza ma ɗaki?"

Muka yi dariya, amma bai kai ni ba. A sana'armu, malamin daji kan buga gudumarsa mai lamba a jikin icce da kan kututturensa. Na juya azara biyar, ban ga tambari ba. Muka yi sallama lafiya lau.

A Wurno muka ci tuwon shinkafa, ƙanshin tafarnuwa ya cika kasuwa. Direba ya saye ta da yawa, wai ta fi ta birni araha. Daga Marnona har Goronyo ina ta tunanin komawa hannu rabbana.

A bakin madatsar ruwan Goronyo, muna cin soyayyen kifi, wani masunci ya ji zancenmu ya tura mu Giyawa, wurin wani dattijo da ambaliya ta kayar wa giginyu a gona. Mota ba ta shiga, babur muka hau. Tsohon ya bar su kwance mako uku yana jiran malamin daji, maƙwabta na yi masa ba'a. Sai da ya zo ya buga guduma sannan aka tsaga su azara.

"Baba, iccenka ne, gonarka ce, don mi ka jira?" na tambaye shi.

"Ɗana, ba ni son a tare ka bisa hanya saboda ni."

Da kansa ya nuna mini tambari a kowane kututture, lambar ta yi daidai da ta takarda. Jakuna suka fito mana da azarar zuwa bakin titi.

Mun iso gida da la'asar sakaliya, mota rabi. Alhaji ya juya azara ɗaya, ya shafa tambarin da yatsa, ya ce sauran ma zai jira ni. Abin da na koyo ke nan: takarda kowa na iya miƙo ta, sai dai ba kowa ke yarda ya raka ka gona ba.