Babur ɗin Mai Tsinke, Shekara Goma Sha Ɗaya Bayansa

Da damanar nan shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai maigidana makwancinsa a Yelwa. Ban kira sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yau a jarida ba. Mai Tsinke mutanen gari suke ce masa. Bakaniken babur ne, rumfarsa na kan hanyar kasuwar kifi. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa. Amma na fi shekara ashirin ina soya kifi a gefen rumfar nan, idona na kan kasko, kunnena na kan inji.

Sunan ya samo asali ne daga wani siririn icce da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. In mutum ya zo yana kukan babur ɗinsa na shan mai, ba ya ɗaukar sifana. Sai ya tsoma tsinken a tanki ya duba, ya haye bayan mutumin, ya ce su je bakin ruwa su dawo. Duk inda mai babur ya murɗa totur ba dalili, ko ya taho a guje ya daki birki, sai ya dangwale shi a kafaɗa. In sun dawo ya sake tsoma tsinke. Sau da yawa abin da yake faɗa ɗaya ne: "Babur bai da laifi, hannunka ke sha."

Bayan nan ne zai danna taya ya ji iska, ya ja sarƙa ya ɗiga mata baƙin mai, ya wanke soson da ke tace iska. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi launin ƙuli-ƙuli, lafiya. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, inji na jin ƙishirwa. Kafireta kuwa, ita ce ta ƙarshe da yake taɓawa, kuma da tsoron Allah.

Yau da zai tashi ya tsaya a tashar Yelwa, na san tofar da yawu zai yi ya koma. Tun da mai ya yi tsada kowa kuka yake, amma dubi masu kukan. Ɗan kabu-kabu na tsaye, ba fasinja, yana ta murɗa totur don 'yan mata su waiwayo. Wani ya fasa salansa saboda a ji tahowarsa tun daga nesa. Wani ya ɗora buhun shinkafa uku daga Shanga a kan tayar da ta kwanta kamar lagwani. Direban motar haya ya ɗebo rayukan mutane, in ya zo gangara sai ya kashe inji wai yana tattali, ya manta birkin ma da injin yake samun ƙarfi. A sayi mai a kwalba a bakin titi, ba a san da me aka gauraya shi ba. Sannan a taru a zagi zamani. Ƙyama nake ji, wallahi, ba tausayi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, a cikin gidana ya faru. Marigayi ya bar babur ɗaya, tsoho amma lafiyayye, ya faɗa hannun autanmu Haruna. Da shi yake ɗauko kifi daga Wara ya kawo kasuwa. Matarsa da 'ya'yansa huɗu da ni kaina, duk a kan tayoyin nan biyu muke ci. In babur ɗin ya mutu, tukunyarmu ta mutu.

Bara sai Haruna ya ji labarin wani sabon bakanike, wai yana ɗaure kafireta, babur ya riƙa lasar mai kamar kyanwa. Ya kai masa ban sani ba. Ranar da ya dawo, tun daga zaure na ji muryar injin ta sauya, ta bushe, tana ƙyas-ƙyas. Na ce masa wa ya taɓa babur ɗin ubanka?

Ya yi dariya ya ce, "Inna, mi kika sani ga mashin? Ke dai ki ji da kaskonki."

Na ce to. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Sati biyu yana yawo yana yabon bakanikensa. A na uku, da rana tsaka, injin ya yi zafi ya cije a hanyar Wara, da kwando biyu na ɗanyen kifi a baya. Kafin a sami motar da za ta ɗauko shi, karfasa da tarwaɗa sun kumbura. Ni da na tsufa cikin ƙarnin kifi, ranar sai da na toshe hanci. A rami muka zuba su, ƙudaje na binmu. Garin neman gira an tashi rasa ido.

Ɗanjuma, wanda ya koyi aiki a hannun marigayi, yanzu shi ma da furfurarsa, shi ya buɗe injin. Ya miƙo mini fulogi, fari fat kamar toka. Ya ce, "Inna, na tashe shi, amma in aka sake, sai dai 'yan gwangwan."

Na karɓi makullin na ƙulle a bakin zanena. Kwana uku Haruna na zarya. A na huɗu na ciro tsinken daga ƙasan adakata, na tsoma a tanki, na ce ya tayar. Na tattare zani na haye bayansa.

"Inna, mutane na kallo."

"Su kalla. Bakin ruwa za mu."

Kafin mu isa na dangwale shi sau tara. A dawowa sau biyu. Ya karɓi tsinken da kansa ya tsoma, ya daɗe yana kallon tsagar.

Ba zan yi ƙarya in ce ya zama ubansa ba. Hali zanen dutse ne, har yanzu in ya ga abokansa hannun nan yakan yi masa ƙaiƙayi. Rumfar marigayi kuwa an rushe ta, masu sayar da mai a kwalba ne a wurin, kuma babu bakaniken da zai ɓata lokacinsa ya hau bayan mutum. Abin da ya rage na Mai Tsinke bai fi icce ɗaya mai tsawon taƙi biyu ba. Amma yanzu a ɗaure yake a jikin babur, kuma kowace safiya ina daga ɗaki nakan ji an buɗe murfin tanki kafin a tayar da inji. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ranar da ban ji ƙarar murfin nan ba, makullin zai koma bakin zanena.