Na Tsaya Jiran Katako Ya Bushe

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ni kafinta ne da ya manyanta a sana'a, ina zaune a Nasarawa ta nan Kaduna, shagona a jikin gidana, ƙofarsa na kallon titi. Mai ɗakina ba ta daɗe da rasuwa ba, 'yan matan duk sun yi aure, babban ɗana yana aiki a Legas. Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, ya koma ko cokali ne ya faɗi a tsakar gida ina jin sa daga shago. Ni kuma mutum ne mai taurin kai da son a ce aikina ba shi da makusa. Ban taɓa miƙa wa mutum kujera tana rawa ba, kuma ban iya ba da haƙuri da baki ba, sai dai in gyara abin da na ɓata in ajiye a gabanka, ka gane da kanka. Marigayiya ta sha gaya mini cewa wannan ba jarumta ba ce, girman kai ne. Na ɗauka mita ce irin ta mata.

Aboki ɗaya ya rage mini a lokacin. Kirista ne, mutumin kudancin jiha, dattijo a cocinsu. Mun haɗu tun muna samari a wani gidan haya a Trikania, shi yana aikin masaƙa, ni ina koyon riƙe zarto. Da gari ya rikice kowa ya koma cikin nasa, sai ya kwashe iyalinsa zuwa Sabon Tasha, amma ƙafarsa ba ta ɗauke daga wurina ba. Bayan masaƙa ta tsaya, kusan kullum sai ya hau Keke ya zo ya zauna a bakin shago da 'yar rediyonsa yana sa mini ido. Bai san kan guduma ba, amma babu ƙusar da zan buga bai ce ta karkace ba. Yana kira na Oga Kafinta, ni ina kiran sa Sufeto, tunda aikinsa ke nan, duba aikin da ba a sa shi ba. Idan na tafi masallaci shi ke tsare shago, ya kore mini masu ciniki da tsadar da yake yanka musu. Ranar jana'izar mai ɗakina yana tsaye a gefe har aka watse, sannan ya biyo ni gida ya zauna kusa da ni har aka kira magariba.

Shekaru da dama kafin nan, ya taɓa zuwa mini da wasu faffaɗan katakai na maɗaci. Ya ce daga bishiyar da mahaifinsa ya dasa ne a ƙofar gidansu na ƙauye, iska ta kayar da ita, ya sa aka tsaga. Ya ce in ajiye masa, idan ta Allah ta kasance shi ya riga ni, ni zan yi masa akwatin da za a sa shi da hannuna, don ba ya son na bakin titi da ake rufe ɓarna da fenti. Na ce ya daina yi wa kansa mugun fata, wa ya gaya masa ba shi zai raka ni ba. Ya yi dariya ya ce in haka ta faru ai ni likkafani ya ishe ni, sai ya sa a yi masa tebur da su ya riƙa cin tuwo yana tuna ni. Na ɗora su a kan sandunan rufin shago, inda iska ke ratsawa kuma gara ba ta kaiwa. Amana ce, da bakina na karɓa, kuma na san ko ta mece ce.

Bayan rasuwar mai ɗakina shiru ya ishe ni. Damina ta tona asirin kwanon shagon, ko'ina yoyo, ga tarkace da guntayen katako, garin zarto har idon sawu, in ajiye tef ɗin awo yanzu in neme shi in rasa. Da ɗana ya zo ganin gida ya nuna mini a waya yadda kafintocin wasu ƙasashe ke tsara wurin aikinsu, kowane ƙarfe da mazauninsa a bango, ya ce in ina so zai tsaya mini. Na kama aikin kamar ana kora ta, domin idan hannu yana motsi zuciya ba ta samun zarafin tunani. Na canza kwano, na yi daɓen siminti, na fasa taga ta gabas don haske, na kafa babban allo a bango na zana siffar kowace guduma da kowane zarto a inda za a rataye shi. Guntayen da na yi shekaru ina cewa za su yi amfani na kwashe na bai wa mai ƙosan layinmu, ta yi ta sa mini albarka. Duk wannan ana yi Sufeto ba ya gari, ya tafi ƙauye cire citta, ya ce sai bayan Kirsimeti zai dawo.

Da aka zo sa silin, dole aka sauko da katakansa. Na kaɗe ƙurar, na ɗan goge gefen guda ɗaya, sai ga jan nan na maɗaci ya fito. Na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya amsa da ƙarar da duk kafinta ya sani, ta katakon da ya bushe har zuciyarsa. Abin da ya rage mini a gyaran kuwa shi ne kantoci masu ɗaukar injuna masu nauyi, kuma abin da na gani a kasuwa katakon malaina ne ɗanye wanda zai lanƙwashe tun ba a je ko'ina ba. Na jingine su a bango, na yi kwanaki ina wucewa ina kallon su. Zuciya ta riƙa raya mini cewa katako ai katako ne, mutumin nan garau yake, ya ma fi ni ƙarfi, zan sayo wanda ya fi wannan in mayar. Babu wanda ya tilasta ni, kuma ba rashi ba ne. Kwaɗayi ne irin namu na masu sana'a, mu ga abu mai kyau mu kasa barin sa. Na ja layi na sa zarto. Tun a yankan farko na san na yi ɓarna, amma na ce aikin gama ya gama. Kantocin sun yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba.

Ya dawo da ƙullin citta da kwalbar zuma. Ya tsaya a ƙofa ya ce ko ya ɓata hanya ne, nan shagon kafinta ne ko asibiti. Ya shiga zagayawa yana tsokana, wai ko shi ma za a zana siffarsa a bango a rataye shi, har ya iso gaban kantocin. Ya ɗora tafin hannunsa ya shafa. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya sake duban kanta. Ni kuwa na shiga zuba kamar 'ya'yan kanya, zancen fenti, zancen wayar wuta, zancen mai daɓe da ya ci mini rai. Daga ƙarshe, ina kallon wani wuri, na ce masa na ari katakansa, zan mayar masa da wanda ya fi su. Ban ce ya yafe mini ba. Kalmar ta zo bakina na haɗiye ta. Ya ce ba komai Oga Kafinta, ya fi kyau su yi aiki a sama da su ruɓe a ƙasa. Ya ce gwiwarsa na damun sa, zai koma da wuri. Na raka shi ya hau Keke.

Washegari bai zo ba, haka jibi. Na yanke wa kaina hukunci cewa fushi yake yi, kuma yana da gaskiya. Na rantse ba zan je masa hannu rabbana ba, sai da maɗaci mai faɗin nasa. Na sha yawo a kasuwannin katako kafin na samu, kuma wanda na samu ɗanye ne sharaf, yankan kwanan nan. Na kawo na jera a bayan shago, na sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Katako kuwa ba ya bushewa da umarni. Kullum da safe sai na je na ƙwanƙwasa, ya amsa mini da murya mai nauyi, in dawo in zauna. Ya kira ni a waya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da farko ina ɗauka in ce ina tsakiyar aiki zan kira shi, daga baya sai in zuba wa wayar ido har ta gaji ta yi shiru. Kunya ce take ci na, ni kuma ina ce mata tsare mutunci.

Ban taɓa sanin kaɗaici ba sai a watannin nan. Shago fes, komai a mazauninsa, idona a rufe ma zan iya ɗauko abin da nake so, amma babu mai ce mini ƙusa ta karkace. Sai na tsinci kaina ina buga ƙusa ina faɗa wa kaina da baki. Maƙwabta su leƙo daga ƙofa su yaba gyara su wuce. In ci abincin da aka aiko mini daga gidan 'yata a kan teburin aiki, ni kaɗai, in wanke kwanon in kife. Duk Keken da ya rage gudu a layinmu sai na ɗaga kai, in ga mata ne da kayan cefane.

Ana nan sai 'yarsa ta kira ni da wata lamba da ban sani ba, ta gaishe ni da ladabi, ta ce Baba yana kwance, kuma yana yawan tambaya ta. Na ce in sha Allahu ina nan tafe. Ina ajiye wayar na zagaya bayan shago na yanki ƙusurwar katako guda, na taɓa cikinsa, da sanyi-sanyinsa. Na tsaya ina saƙa da warwara. In ɗauki katakon akwati in kai wa marar lafiya, me na ce masa ke nan? In je babu komai, da wane ido zan dube shi? Na ce bari ya ɗan ji sauƙi, katakon ma ya ƙarasa, sai in je gaba ɗaya. Daga gidana zuwa Sabon Tasha ba tafiya ba ce da za a yi wa guzuri. Ban je ba.

Ranar da katakon ya amsa mini da ƙarar da nake jira, na goge shi, na ɗaure a saman Keke, na sa sabuwar riga, har ina shirya irin tsokanar da zan yi masa. Na tarar da gidan tsit. Matarsa ce ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta ce Malam, yau kai ne a gidanmu. Ta dubi kayan da ke saman Keken, ba ta tambaya ba. A tsaye ta gaya mini cewa da jiki ya yi tsanani ya ce a mayar da shi ƙauye, a can ya cika, an yi makonni da binne shi. Akwati yara suka saya a garin da ke kusa. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce babban ɗansu ne ya hana, ya ce wanda aka kira da rai bai zo ba, ba sai an wahalar da shi a kan gawa ba. Ba ta faɗa da zafi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tambaye ta ko ya yi maganar katakansa. Ta ce da ciwon ya kwantar da shi ta tuna masa, sai ya ce a bar wannan zance, ya ba ni su kyauta tuntuni, kuma in sun ga yadda na gyara shago za su yi sha'awa. Ta ce ba fushi ya hana shi zuwa ba, ƙafafunsa ne suka kumbura tun satin da ya dawo, ko Keke ba ya iya hawa. Sannan ta tura ƙofar ɗakinsa ta nuna mini sabuwar buta da tabarma a naɗe a bayan ƙofa. Shi ya sa aka sayo, wai don idan Oga Kafinta ya zo kada ya fake da sallah ya gudu da wuri. Ina tsaye a tsakar gidan mutane, da furfurata, na fashe da kuka har mai Keke ya shigo ya kama ni.

Edita, na yi laifi biyu, kuma na daɗe ina zaton na farko ne babba. Yanka katakon cin amana ne, ina roƙon Allah Ya yafe mini, amma mai shi ya yafe tun kafin in nema, har ya rufa mini asiri a gaban iyalinsa. Wanda ba shi da gyara shi ne ƙin zuwa. Na zaci katako yake jira, ashe ni yake jira. Ina kira ga 'yan'uwana masu sana'a, idan kuna gyaran wuri kuka ci karo da ajiyar wani, ku ɗauke hannunku ko da ta yi shekaru tana shan ƙura. Wanda kuma ya riga ya ɓata wa wani, kada ya ce sai ya haɗa abin biya tukuna. Ya tashi yau ya je da ƙafarsa da bakinsa, ko da hannunsa babu komai, domin ba da kai aka yi alkawarin kwanakin mutum ba. Ni dai na dawo da kayana a Keken da na tafi da su. Suna nan a bayan shago, sun bushe sarai, babu kafintan da zai kushe su, kuma babu wanda zan kai wa.