Kwanson Harsashi a Ruwan Tsamiya

Jiya na jiƙa tsamiya zan dama kunu. Ƙamshinta na bugun hancina, sai na zauna na kasa tashi. Baba ne ya faɗo mini a rai.

Maharbi ne, mai ƙaramar bindiga ta harbin zabi da zomaye. Ba ya barin kwanson harsashi a daji. Sai ya tsinto abinsa, ya jiƙa a ruwan tsamiya, ya goge da toka, ya shanya bisa faifai, sannan ya sake ɗura shi. Kowanne sai ya bi bakinsa da farce. In ya ji tsaga, ya ajiye shi gefe ya ce, "Wannan ya gama aikinsa, a bar shi ya huta."

Zuwana na ƙarshe ƙauyenmu, kusa da Maijirgi, na iske shi a inuwar iccen bedi, kwano a gabansa, yana wanke kwanson harsasai. Idonsa ya tafi, dajin ma ya koma gonakin hatsi.

Na ce, "Baba, mi za ka harba kuma?"

"Babu, ɗiyata. Amma su suka ciyar da ku. In bar su da dauɗa?"

Ya kamo yatsana ya ɗora a bakin wani kwanso. "Kin ji tsagar? Ni ma haka nike yanzu."

Na yi dariya don kar in yi kuka.

Bayan rasuwarsa muka iske kwanson harsasan cikin gwangwani suna ƙyalli, babu ko ɗaya da aka ɗura.

Ya Allah, bawanka ya gama aikinsa. Ka wanke shi tas, ka ba shi hutu a Aljanna.