Akwatin Darmar Malam Babakura

Duk unguwar Lamisula babu mai miƙa wa Malam Babakura hannu idan ya dawo aiki, sai ya yi wanka tukuna. Shi ya kafa dokar, kuma wallahi yana jin daɗinta. Ni maƙwabcinsa ne, na san abin da nake faɗa.

Aikinsa kula da ɗakin gwaji ne a wata kwaleji. A kusurwar ɗakin akwai akwatin darma da aka kawo a 1988, a ciki kuma wani ɗan abu kamar maɓallin riga, an rubuta masa sodiyam-22. Baturen da ya kawo shi ya ce yana fitar da haske mai lahani wanda ido ba ya gani, ya hau jirgi ya yi tafiyarsa. A kan wannan magana ɗaya Malam ya gina rayuwarsa kaf. A majalisa Injiniyan Nukiliya muke ce masa, shi kuwa ya yi gyaran murya ya ce ba komai ake faɗa ba. Da ambaliya ta ci gari, kowa na ceton katifa, shi akwatin ya tafi dubawa, ruwa iya ƙirji.

Abin da ya riƙa ba ni haushi shi ne 'yarsa Khairat. Tana ƙarama takan sheƙo da gudu ta tarye shi, sai ya daka mata tsawa: "Tsaya nan, ban yi wanka ba!" Kafin ya fito daga banɗaki ta yi fushi ta lafe jikin uwarta. Haka ta girma tana gaishe shi daga nesa, har aka kai ta gidan miji a unguwar Wulari.

Bana aka kawo sabuwar malama, Dakta Phebe, wadda ta yi karatu a waje kan cibiyoyin ƙwayar zarra, wato atom, masu ƙwayoyin furoton fiye da kima, irin waɗanda ba sa kai ƙiftawar ido a duniya. Ta ce tana son ɗalibai su auna abin cikin akwatin. Malam da kansa ya ba ni labari. Ya sa safar hannu, ya kori kowa baya, ya ɗauko shi da awartaki yana salati. Ta kara wa abin na'urar awo. Ƙyas. Shiru. Can kuma ƙyas. Ta kara wa jakarta, ƙarar ba ta canza ba.

"Baba, ai wannan ya gama aiki," in ji ta. "Furoton ne ya yi masa yawa, sai ɗaya ya rikiɗe ya zama niyutiron, ya tofar da ɗan haske, shi ke nan ya huta. Duk shekara biyu da wata bakwai rabi ke tafiya. Sau goma sha huɗu ke nan yana rabuwa biyu."

"To da yana sabo fa, Dakta?"

"Ko a lokacin ba ya bin mutum gida. A rufe yake, ba ya manne wa riga ko fata."

Ya ce bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba.

Ranar muna ƙofar gida ya dawo yana tura keke. Khairat ta zo ganin gida da 'yarta Lubna, yarinyar kuwa ta sheƙo da gudu. Na ga Malam ya jingine keken, ya durƙusa, ya buɗe hannuwa biyu. Ban taɓa ganin haka ba, sai da tausayinsa ya kama ni.

Khairat ta yi wuf ta fizge ta. "Tsaya nan! Kaka bai yi wanka ba."

Ya dubi 'yarsa, ya dube mu 'yan majalisa da muka zuba masa ido. Ɗaya daga cikinmu ya yi masa sannu da zuwa ya ce, "Wushe, Injiniya." Sai ya sauke hannuwansa a hankali, ya shiga gida ya ɗauki bokiti.