Wata Guda a Ofishin Masu Sayen Riɗinmu

Rumfarmu tana bakin hanya a Tsiga, ta kwano ce, iska na shiga ta ko'ina. Nan muke zama mu mata talatin da 'yan kai, daga kaka har bazara, muna gyara wa wani kamfani riɗi. Manoma su kawo, mu sheƙe, mu tankaɗe, mu baza a faifai mu tsince tsakuwa da ƙaiƙayi da baƙar ƙwaya. Ma'aikacin kamfani ya zo daga Funtua ya duba, sannan mu ɗura a buhu mu ɗinke. Ni aka sa shugaba. Ba wai na fi kowa hannu ba ne, ajin yaƙi da jahilci na yi bayan na yaye autana, shi ya sa nake iya rubuta lamba a jikin buhu ba ta juye ba.

Wata ranar Laraba manajan Funtua ya zo da kansa, abin da bai saba ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Inna, akwai magana. Mutanenmu na Turkiyya sun ce riɗin rumfar nan da datti."

Na ce, "Datti kuma, Alhaji? A riɗinmu?"

"Haka takardar ta nuna. Na sauran wurare lafiya lau, naku ne kaɗai. An canza buhu, an canza mota, abin bai daina ba. Idan ba a gano ba kafin kaka, za a rufe nan a kai aikin wajen inji a Kano. Sun ce shugabar mata ta je ta yi aiki a ofishinsu wata guda, su ga yadda take yi."

Na waiga na dubi matan. A cikinsu akwai masu riƙon marayu, akwai wadda mijinta ke kwance shekara biyu.

Da na gaya wa Malam a gida ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke da ko Kaduna sai da rakiya?" Na ce ni ma abin da na gani ke nan. Da asuba ya ce in je, babbar 'yarmu ta riƙe gida. Zancen fasfo da jirgi ba zan ja shi ba, manaja ne ya yi ta ɗawainiya. Ni dai na san kunnena ya toshe, na riƙe carbi har muka sauka.

Ofishin yana hawa na bakwai, bangonsa duk gilashi. Suka rataya mini wani kati a wuya, in na kara shi a ƙofa sai ta buɗe. Suka ba ni tebur da kwamfuta. Har na dawo ban kunna ta ba, amma kullum da safe ina goge mata ƙura, kada a ce an ba ni ajiya na wulaƙanta.

Allah ya taimake ni da tafinta. Wata Hajiya ce 'yar Maraɗi, aure ya kai ta can shekaru da yawa, kamfanin ya ɗauke ta saboda ni. Ranar farko da ta ji daga inda na fito ta ce, "Af, ashe ɗiyar gida ce. Mu ne Katsinawan asali hwa, ku tsaron gida muka bar muku." Na ce, "To Hajiya, ai sai ku dawo, mun share muku tsakar gida." Ta yi dariya har da tafi. Daga ranar na ɗan samu nutsuwa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai gaisuwa ce. Da safe sai in bi tebur-tebur ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mutum zai yi idan ya shigo wuri. Duk wanda na tsaya a kansa sai ya ɗago da sauri, ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya tashi ya kawo mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Ba na iya ƙi. Kafin azahar na sha bakwai. Sai a kwana na huɗu Hajiya ta ce, "Ke, sun ɗauka wani abu kike nema kina jin kunyar hwaɗi." Na rage zagayen, amma raina bai so ba.

Aikin kansa kuwa, har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Da hantsi a kai ni wani ɗaki mai fararen tebura. Wani mutum mai farar riga ya zubo riɗi daga buhunmu, har da lambar da na rubuta da hannuna, ya ba ni a faranti. Na nemi faifai babu, sai na yi da farantin. In tsince, ya kwashe abin da na fitar ya ɗora a wani ɗan sikeli, ya rubuta, ya sake zubo wani. Ba ya cewa na yi daidai, ba ya cewa na yi kuskure. Koya musu nake yi, ko jarrabawa ake yi mini? Na tambayi Hajiya, ta ce ita ma tafinta aka ce ta yi, ba a ce ta gane ba.

Ni datti nake nema, domin datti aka ce mini. Na buɗe ido iyakar buɗewa. Tsakuwa ɗaya, biyu, ɗan kara, shi ke nan. Riɗinmu fes yake. Jefi-jefi nakan ga 'ya'yan barkono a ciki, falan-falan, launinsu kusan ɗaya da riɗin, sai in ture su gefen mai kyau in wuce. Barkono ai ba datti ba ne.

Bayan azahar kuma sai shugabar ofishin ta kira ni. Mace ce doguwa mai gilashin ido, ba ta da hayaniya. Za ta ajiye ƙananan kofuna biyu a gabana da cokali. Riɗi ne aka niƙa ya yi laushi kamar tunkuza kafin a matse mai, da shi suke yin alawarsu mai kama da kantu. In lasa wannan, in lasa wancan. Sai ta yi magana, Hajiya ta ce, "Wai ya kika ji?"

In ce, "Da daɗi. Allah ya saka da alheri."

"Wai duka biyun?"

"Duka biyun, Hajiya. Ki ce mata na gode."

Sai shugabar ta dubi mai farar riga, shi ma ya dube ta. Kullum haka. Ni na ɗauka karramawa ce ake yi wa baƙo, ana ba shi abin taɓawa. A gaskiya ɗaya kofin ya fi yi mini daɗi, yana da ɗan armashi a maƙogwaro. Amma tun ina yarinya ban taɓa ganin wanda aka ba abinci a gidan mutane ya ce wannan ya fi wancan ba.

A mako na uku aka yi wani zama. Suka haska hoto a bango, layi-layi, wani ya hau wani ya sauka. Kowa na magana, ni ina cewa "to" idan an dube ni. Da aka tashi na ga fuskar Hajiya ta canza. Muna hanyar ɗakin salla ta ce, "Sun ce ba a gano komai ba. Jibi za su rubuta wa Funtua a kai aikin inji."

Na ce, "To wai wane datti ne, Hajiya? Mako uku ina tona riɗin nan."

"Yau ni ma na ji. Ba datti ba ne irin naku. Wai yaji yake yi. Sun ɓoye miki ne don su ga ko harshenki zai kama da kanshi. Ke kuma kullum da daɗi, da daɗi, kamar an kai ki gidan surukai."

"Yaji?"

"Yaji. Alawar yara ce, iyaye suna maido ta. Sun san barkono ne, inda yake shiga ne ba su sani ba."

Na jingina da bango. Ni na san inda yake shiga.

Tun shekarar da muka ji cewa riɗin nan a jirgin ruwa yake tafiya, yana yin watanni a hanya, hankalinmu bai kwanta ba. Wake ma da ke ɗaki kusa da mutum ƙwari ke ci, balle abin da zai yi wannan tafiya. Shi ne na ce mu yi masa yadda iyayenmu ke yi wa wake. Idan ma'aikacin kamfani ya gama dubawa ya tafi, kafin ɗinki, sai mu cusa busasshen barkono biyar ko shida a tsakiyar kowane buhu. Daga gidajenmu muke kawowa, ba wanda ya sa mu. Ba ɓoyewa muka yi ba, ba mu ga abin faɗi ba ne a ciki. Ashe a hanya yake murmushewa, ɓawon ya zama gari, 'ya'yan su bi ta rariyar kamfanin su wuce tare da riɗin.

Na yi la'asar ina ta saƙe-saƙe. Idan na faɗa, na ce mu ne muka ɓata musu kaya da hannunmu. Idan na yi shiru, jibi takarda za ta tafi. Ko ta ina na duba rumfa ce a gaba. Da na sallame na ce, "Hajiya, raka ni wajen shugabar."

Na faɗa mata a tsaye, a hankali, Hajiya na juyawa. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, ni na kawo shawarar. Shugabar ta cire gilashinta ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na motsi. Na raɗa wa Hajiya, "Kuka take ko dariya?" Ta ce, "Wallahi ban sani ba, tsaya tukuna." Da ta buɗe fuska sai ta yi tambaya ɗaya. Wai wa ke biyan barkonon? Na ce ba kowa, na miyarmu ne. Ta kira mai farar riga, ya zo ya yi ta rubutu, shafi ya fi biyu, yana tambayata ko ja ne ko tsanwa, dogo ne ko gajere.

Sauran kwanakin ba a ƙara ba ni kofi biyu ba. An ba ni biro da takarda aka ce in rubuta duk yadda muke aiki, daga zuwan manomi har ɗinki, da Hausa, kada in bar komai ko da na ga bai kai a faɗa ba. Kwana biyar ina rubutu. Ban taɓa yin mai yawansa ba, yatsuna har suka ƙage. Ranar tafiya suka taru suka ba ni wata takarda a cikin gilashi mai rubutun zinariya, aka ɗauki hoto. Na ce Hajiya ta karanta mini. Ta ce godiya ce. Na ce godiyar me, bayan ɓarnar da muka yi? Ta ce, "Ke dai karɓi."

Sai da na dawo manaja ya kawo hukuncin. Rumfa za ta ci gaba, kaka ɗaya a gwada mu. Amma an karɓe ɗinki daga hannunmu, a Funtua za a riƙa yi, a wani buhu mai leda a ciki da suka ce ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa.

Na tara mata na yi musu bayani sau biyu. Wata dattijuwa da ta girme mu duka, muna ce mata Goggo, ta ce, "Yanzu barkono shida ne a buhu ya sa ƙasa guda kuka?"

Na ce, "Yara ne ke ci, Goggo."

"Jikana da bai yi haƙori ba yana lasar yaji. To ƙwarin fa?"

"Sun ce leda za ta hana."

"Leda." Ta taɓe baki. "Allah ya kyauta."

Ranar da aka fara aikin kaka na tsaya a bakin rumfa, abin da ban taɓa yi ba, na roƙi kowa ta kwance haɓar zaninta. Ina jin nauyi ƙwarai. Duka suka kwance suna dariya. Goggo ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance, barkono ya zubo ya kai tafi guda.

Ta ce, "Na ɗumamena ne."

Na ce, "To Goggo, kawo in ajiye miki har a tashi."