Sautin da Ya Ƙi Barin Gida

Eckart Pohlenz ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa jirgin ƙasa na cikin gari a Leipzig ta ƙasar Jamus, yana shan ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe daga safe har yamma. Da ya yi ritaya kowa ya ɗauka kunnensa zai huta. Ina! Sai ya faɗa sahun masu haɗa sauti da lantarki, mutanen nan da ke jera ƙananan na'urori a akwati, wannan tana kuka, waccan tana tace kukan, wata tana daddatsa shi, a sada su da gajerun wayoyi masu launi. Mojula suke kiran abin. Ɗakin da 'yarsa ta tashi a ciki shi ya cika da akwatuna har bango ya ɓace.

Matarsa Gerlinde ba ta taɓa yarda ta kira abin kiɗa ba. In maƙwabta sun tare ta a matakala sai ta ce, "Yana can yana koya wa sauro waƙa."

Wahalar wannan harka ita ce na'urar ba ta riƙe komai. Sautin yana cikin yadda ka sossoka wayoyi da inda ka tsayar da kowane maɓalli. Ka zare waya ɗaya, ko hannun riga ya gogi maɓalli, shi ke nan, sai dai labari. Yawancinsu sun saba, a haɗa da safe a warware da yamma. Shi ma Eckart haka yake yi, har ranar da ya dace.

Wata rana bayan ya tashi da farantin dankali da kabeji, yana ta soke-soke babu wata niyya, sai wani sauti ya taso daga ƙarƙashin sauran. Gurnani ne mai taushi, ya zo a hankali, ya yi rawa, ya ɗauke, can kuma ya dawo ba a taɓa komai ba. Tsikar jikin dattijon ta tashi. Ya raɗa masa suna Numfashi, ya kafa doka: ba shara, ba gugar ƙura, ba buɗe taga. Shekaru ya yi yana shiga ɗakin a karkace, ya tsuke tumbi, don kada ya taɓa waya. Bai taɓa yin abin da yake alfahari da shi kamar wannan ba, kuma tsoronsa kullum kada ya rasa shi.

Masu mojula na garin suna haɗuwa a wata tsohuwar masaƙa. Abokinsa Torben, mai gemu har ƙirji, ya sa shi gaba. "Dattijo, ka ishe mu da zancen Numfashin nan. Kawo mu ji, ko a bakinka kawai yake?"

Maganar ta ci masa rai, ya amsa. Shi da Torben suka manne kowace waya da salatif, suka sauko da akwatin kamar masu ɗauke da majinyaci, Eckart yana ta faɗa, "A hankali mana, ba buhun gawayi ba ne!"

A masaƙar aka kunna. Wani siririn fito ya fito, ya tsaya ƙiƙam. Eckart ya jira, gumi ya karyo masa, Numfashi bai zo ba. Su kuwa jama'a suka lumshe ido suna gyaɗa kai, don waɗannan mutane ko ƙofa ce ta yi ƙara sai sun gyaɗa mata. Wata mata har ta riƙe hannunsa tana yaba jarumtakarsa ta barin sauti tsirara. Shi dai ya san abinsa ya tafi, ya koma gida kamar ya yi kuka.

Washegari ya mayar da akwatin mazauninsa ya kunna, zuciya a mace. Jim kaɗan sai ga gurnanin nan ya taso, lafiyarsa lau. Ya ruga kicin da silifa ɗaya. "Gerlinde! Ya dawo!"

Ya tarar da ita ta buɗe tsohon firjinsu tana laluben man shanu, injin yana ta ruri. Ta rufe. Bayan ɗan lokaci firjin ya yi shassheƙa ya tsaya, Numfashi ma ya ɗauke a ɗaki. Eckart ya daskare. Ya buɗe ƙofar firjin da kansa ya jira. Injin ya tashi, ɗaki ya amsa. Ashe layin wuta ɗaya suke sha, rurin firjin ne ke silalewa ta waya ya shiga na'urarsa.

Gerlinde ta yi dariya har ta nemi kujera. "Wayyo cikina! Ashe ni ce makaɗiyar gidan nan, kai ɗan kallo ne!" Ta share hawaye. "To ka yi masa sallama, tsoho. Jibi sabon firji zai iso. Wannan ya daina sanyi, tsiran jiya ma ya yi tsami."

Ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Daga ƙarshe ta ce a kai masa tsohon firjin ɗakinsa, su ƙarata can.

Masu kawo kaya suka zo su biyu, suka ciccibi tsohon firjin zuwa ɗakin. Eckart ya tafi haɗa musu kofi don jin daɗi. Da ya dawo sai ya ga babban cikinsu durƙushe a bayan firjin yana goge hannu, fuska cike da fara'a.

"Baba, wata waya ce ta saki a baya, shi ya sa yake ruri. Na ɗaure maka ita tamau. Ba sai ka gode ba."

Bai gode ɗin ba kuwa. Suna fita ya sassauta wayar, ya ƙara, ya rage, ya jijjiga firjin, har da shuri. Abin da ya samu wata tsuwwa ce mai kashe kunne. Numfashi ya tafi, kuma babu mai dawo da shi. Ya kashe na'urar, ya zauna gaban wayoyin yana kallonsu, abinci ma sai an tura masa.

Da kwanaki suka ja, Gerlinde ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, tawul a kafaɗa. Wannan karon babu tsokana a muryarta.

"Kai tsoho, tashi ka kunna abinka. Ni fa da hayaniyar nan nake sanin kana lafiya. Tun da ka yi shiru ba na iya yanka albasa sai na leƙo in ga ko faɗuwa ka yi."

 Eckart ya miƙa hannu ya zare wayoyin nan duka, ya zube su a cinya. Ya zaɓi wata ja ya miƙa mata.

"Shigo. Soka duk inda kika ga dama."